Faifan da Ya Haɗiye Tafsirin Malam Iliyasu

Abdussalam, kai ka ɓatar da muryar mijina. A gaban kwamitin makaranta nake faɗa, kada a ce a bayan idonka na yi.

Duk azumi Malam Iliyasu yana tafsiri a masallacin garin nan, ana ɗauka a kaset. Da ya rasu, buhu biyu ya bar mini a ƙarƙashin gado. Kai ka zo tsakar gidana ka tsugunna, ka ce, "Inna Kulu, kaset lalacewa yake yi. Kawo a juye a akwatin ajiya na kwamfutar Islamiyya. Faifai huɗu ne a ciki, ko ɗaya ya mutu sauran suna riƙe da karatun."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ka yi dariya. "Inna, har tattaɓa-kunnenki sai sun ji."

Da aka gama juyewa, Liman ya ce abin da ke ɗauke da ayar Allah ba a barinsa ɓera da gara su yi ta wasa da shi. Aka yi wa kaset ɗin yadda ake yi wa tsohuwar takardar Alƙur'ani. Aka ƙone a bayan gari, aka binne tokar.

Bana da azumi ya gabato, na aika a zubo mini Suratu Yusuf a waya. Aka ce babu. Ko bisimillarta babu.

'Yata Tahira ta ɗauki akwatin zuwa Kano wajen mai gyara. Yana buɗewa ya yi tsaki. Ya ce manyan faya-fayen nan da ke ciki rubutunsu kamar jinkar ɗaki yake, kowane layi ya hau bakin ɗan'uwansa, in za a gyara ɗaya sai an ɗaga na kusa da shi. Shi ya sa suke da nawa wajen aiki, kuma akwatin nan ba ya jira. Da ɗaya ya mutu ka saka sabo irinsa, akwatin ya fara cika shi, ya ga ya yi shiru, ya ɗauka matacce ne ya watsar. Wani faifan ma ya tsaya haka, alhali rashin ɗaya kawai akwatin ke iya jurewa. Shi ke nan.

Ashe a wajensa ka sayi faya-fayen. Ya ce sau biyu ya gaya maka irin wannan ba ya jituwa da akwatinku, ka ce kai dai babba kake so, mai cinye komai.

Sannan jiya ka shigo mini da ledar lemo, kana sunkuyar da kai, wai ƙaddara ce. Abin ƙyama. Lemonka yana nan a zaure inda ka ajiye, ƙuda na bi. Da aka kai Malam makwancinsa ban yi gardama da kowa ba. Wannan kuwa kunnen ƙashi ne.

Ku kuma 'yan kwamiti, ku daina ce mini in yi haƙuri. Ku tayar da shi tsaye yanzu. An gaya masa ko ba a gaya masa ba? Ya buɗe baki ya ba ni amsa.