Miliyan Ɗaya da Ɗaya Ba Ta Rabuwa

Maki ɗaya tak ya hana Auta, 'yar mai gyaran keke, shiga babbar makaranta. Malamin lissafinta ya nemi ganin takardarta. An tambaya ko miliyan ɗaya da ɗaya tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Yarinyar ta ce tana rabuwa, har ta nuna aikinta. Aka zabga mata jan biro.

Malam bai ko ci abincin rana ba ya haye bene na uku na ofishin jarrabawa. Ya tarar da Babban Mai Duba ya tuɓe takalmi, fanka na kaɗa masa ƙafa.

"Ranka ya daɗe, ɗari da ɗaya sau dubu tara da ɗari tara da ɗaya. A buga a gani."

"Ɗana, zauna. Kai ne sabon nan mai zafin kai?"

Malam ya miƙa wayarsa, amsar na kan gilashi ɓaro-ɓaro. Babba ya kau da kai kamar an nuna masa abin kunya.

"Ba ma aiki da waya a nan. Magatakarda, kawo kundin amsoshi."

Magatakarda ya kawo, ya hure ƙura, ya karanta da muryar sanarwa: "Ba ta rabuwa."

"Ka ji. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ta rabu ba. Hatimi uku ne a kanta. Sai yau da ka zo za ta rabu?"

"Ai tun kafin a haife mu take rabuwa, ranka ya daɗe!"

"To ba a sanar da mu a rubuce ba."

Magatakarda ya gyaɗa kai. "Ni ma na gwada ta da biyu, da uku, da biyar. Ƙememe ta ƙi."

"Ka tsaya a biyar?"

"An tashi aiki."

Malam ya ji kunnuwansa na zafi. Ya ce zai rubuta wa na sama. Babba ya yi dariya har da tafi, ya ce na saman ne ya tsara tambayar, lokacin yana kan wannan kujerar. Sa'annan ya sassauta murya.

"Idan ta rabu, duk wanda muka ba makin nan ya faɗi. Wasunsu yanzu su ke duba takardu. Kai dai yarinya kake so ta wuce, ko? Akwai maki ɗaya na tsaftar rubutu, yana hannuna. Ka sa hannu cewa ka duba kundi ka gamsu. Ƙarfe biyu ake rufe jerin sunaye."

Malam ya dubi agogon bango. Saura minti ashirin. Ya karanta takardar sau biyu, yana neman wata kafa a cikin jimlar, bai samu ba. Ya karɓi biron, ya sa hannu.

"Madalla," in ji Babba, yana laluben takalminsa da ƙafa. "Magatakarda, sa sunanta. Ka kuma rubuta cewa ƙwararre ya sake tabbatarwa."