Tarwaɗar Isaka

Tabkin da ke ƙasan dutse, gabas da Tamaske, ba a taɓa saninsa da wani suna ba sai tabkin gidan Sarkin Ruwa. Aƙilu ne Sarkin Ruwan yanzu, gadon ubansa, kuma in kana so ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe, to ka kira tabkin nan da sunan wani. Al'adar wurin ita ce, in ruwa ya ƙafe kifi ya ƙare, wanda ya ɗauko iri daga wani tabki ya zuba, sunansa ne ke bin kifin har kasuwa. Gidansu ne ke yin wannan tun kaka da kakanni.

Sai dai tabkin ya daɗe yana mutuwa. Kowace damina ruwa ya gangaro daga dutse da yashi ya juye a ciki, har ta kai kafin rani ya raba tsakiya awaki ne ke yawo inda dā ake iyo. Aƙilu ya yi sintiri zuwa meri, ofishin magajin gari, har takalminsa ya cinye. Da porje, wato shirin tallafin raya karkara, ta zo kuwa, wallahi ya ɗauka kukansa ne aka ji.

Wadda ta zo da maganar wata ma'aikaciyar porje ce, Madam Jemima, mutuniyar wajen Madawa. Ta tara mutane a gindin gawo ta ce aikin kamar murhu yake, duwatsu uku ke riƙe tukunya. Porje za ta kawo waya da siminti da 'ya'yan karfasa, meri ta ba da kamyo na jigilar kaya, gari kuma ya kawo duwatsu da ƙarfinsa. In ɗaya ya janye, tukunya ta kife. Har nan Aƙilu gyaɗa kai yake yi. Sai ta ƙara da cewa tunda daga sama yashi ke zuwa, daga sama za a fara tare shi, a gonakin mutanen tudu, don haka komite na tudu da kwari ne gaba ɗaya. Aka ɗaga hannu, mutanen tudu sun fi yawa, Isaka ya zama perzidan, shugaban komite.

Isaka fa! Ɗan gwaggon Aƙilu ne, taubashinsa, mutumin da ko a kwano ruwa ya yi yawa sai ya ja da baya. Abin da ya fi ci wa Aƙilu rai, gidan su Isaka ba sa cin kifi sam. Kakanninsu sun zauna ƙarƙashin Buzaye sun ɗauko ƙyamarsa, har yau in ana suya sai su toshe hanci. Wannan ne aka ba hula da riga mai hoton kifi a ƙirji.

"Sarkin Ruwa," in ji Isaka yana dariya bayan taro, "yau ga ka ƙarƙashin bawanka. Ka yi haƙuri, in an kama in bar maka duka, ni ko ƙamshi ba ni so."

Wasan taubasai ne, kamata ya yi Aƙilu ya rama da wanda ya fi shi zafi. Amma sai ya yi yaƙe kawai ya wuce.

Aiki ya kankama. Ana jera duwatsu a kan gangare, ana haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata, ana cika ragar waya da dutse a bakin korama. Isaka kuwa, a faɗi gaskiya ko ba daɗi, yana da ƙoƙari, shi ne farkon hawa shi ne ƙarshen sauka. Wannan ma haushi yake ba Aƙilu, don da malalaci ne da an samu abin faɗa. Ranar da rediyon ƙauye ta ce "tabkin da Isaka ke jagoranta", tuwo na hannunsa ya mayar da shi kwano.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ya ce wa matarsa Cima.

"Malam, ruwa dai za shi dawo, ko ba shi muka nema ba?" in ji ta. Matan gari sun riga sun haɗa ƙungiya da ita a ciki, suna lissafin suyar karfasa a bakin hanya.

"Ruwan wa?" Bai jira amsa ba ya fita.

Damina ta sauka, duwatsu suka riƙe yashi, tabki ya cika har ya taɓa tsofaffin saiwoyin da Aƙilu bai ga ruwa a kansu ba tun yana saurayi. Ya tsaya a baki yana kallo, daɗi da baƙin ciki suka haɗe masa. An ce 'ya'yan kifin porje na nan tafe, kuma Isaka ne zai juye bokitin farko. In haka ta faru, ai shi ke nan, iri ya zama nasa, suna ya tafi.

Ranar wata gayya, gari duk ya hau tudu gyaran inda ruwa ya ture, Aƙilu ya ce ƙugunsa ke ciwo. Da ƙafa ta ɗauke ya ɗaura wa jaki amalanke, ya loda bido, manyan jarkokin ruwa, ya nufi wani tabki wajen Buza inda yake da aboki masunci. Ya zaɓo tarwaɗa manya, masu rai da lafiya, ya dawo da la'asar ya juye su ta gefen ciyawa, yana bisimilla kamar yadda ubansa ke yi. Dabararsa ita ce ranar buɗe kamun kifi ya tashi gaban kowa ya ce shi ya riga zuba iri, a tambayi tsofaffi wane ne mai ruwa.

Da motar porje ta iso aka buɗe tanko, Aƙilu ya leƙa. Shi ya zaci kifi ne kamar tafin hannu. Ashe 'yan mitsi-mitsi ne, ba su kai ɗan yatsa ba, abin da tarwaɗa za ta haɗiye ba ta san ta ci ba. Wani ma'aikacin gandun daji da ya rako motar ya juyo gare shi da ladabi.

"Sarkin Ruwa, kai ka san ruwan ga. Babu wani babban kihi a ciki ko? In akwai mu dakata, mu kwashe shi tukuna."

Kalma ɗaya ce. Aƙilu ya ji ta a kan harshensa. Sai idonsa ya kai kan Isaka, ya naɗe wando har gwiwa, yana riƙe da bokiti nesa da hancinsa, ana ɗaukarsa hoto, mata na guɗa.

"Tabkin da ya bushe ƙurmus?" in ji Aƙilu. "Babu komi."

Aka juye. Aka hana kamu har kifi ya girma, Aƙilu kuma aka ba shi tsaron ruwan. Haka ya yi watanni yana zaune a baki da hantsi yana ganin ruwa na motsi ta gefen ciyawa, ya san sarai abin da ake ci.

Ranar buɗewa kowa ya zo, magajin gari da mutanensa, Madam Jemima, masu rediyo, matan ƙungiya da kaskonsu da mai. Isaka ya ɗauki birgi ya miƙa wa Aƙilu da hannu biyu, ya ce jifan farko ba na perzidan ba ne, na gidan Sarkin Ruwa ne. Aƙilu ya shiga har ƙugu ya watsa ragar. Ta fito da nauyi, tarwaɗa ce baƙa wuluk mai kaurin cinyar mutum. Aka yi sowa. Ya sake jefawa, tarwaɗa. Masunta suka shiga suka kewaye tabkin, karfasar da aka samu ba ta rufe gindin ƙwarya ba.

Sowa ta mutu. Ma'aikacin gandun daji ya tsaga cikin ɗaya ya duba, ya miƙe fuska a ɗaure.

"Wannan ba daga laka ta fito ba, hannu ya zuba ta. Wanda ya yi, in aka gano shi, shi da ruwan ga har abada."

Madam Jemima ta juya tana kallon matan da ke tsaye da kasko. Cima na cikinsu, ta sauke nata a ƙasa. Jawabin da Aƙilu ya daɗe yana shiryawa yana nan daram a bakinsa, ba halin fitarwa.

Isaka ya dubi ɗan kawunsa, kallo ɗaya, ya kau da kai. Ya cire hularsa.

"Kada a nemi kowa. Ni aka ba amana, ni ban san kihi ba, duk abin da ya shiga ruwan ga a wuyana yake. A rubuta ni na zuba. Madam, ku ba mu wata dama baɗi, tudu da kwari za mu kwashe su tas kafin ku kawo iri."

Aka yi ta gunaguni, daga baya aka yarda. Wasu suka zagi Isaka, wasu suka ce namiji ne. Aƙilu ya tsaya jiƙe sharkaf, ya rasa wanne ya fi ƙona shi, rufin asirin ko wanda ya rufa.

Tarwaɗa dai ta yi ƙiba da karfasar porje, kuma dole a sayar. Ranar kasuwar Tamaske Aƙilu ya shimfiɗa buhu ya jera kasonsa. Labari ya riga shi isa, mutane suka yi cincirindo suna kallon girman kifin. Wani dattijo, wanda ya sha sayen kifi a hannun uban Aƙilu, ya durƙusa ya ɗaga ɗaya ta kai yana jinjinawa.

"Sarkin Ruwa, wagga ita ce tarwaɗar Isaka da aka faɗi?"

Aƙilu ya dubi kifin da ya zaɓo da hannunsa, ya ɗauko a amalankensa, ya zuba da bisimillar ubansa. 

"Ita ce, Baba," ya ce. "Guda nawa za a ɗaure maka?"