Gaisuwar Bakin Ƙofa

Ni dai Allah ya yi ni da saurin fushi, wannan kowa a gidanmu na Ringim ya sani. Amma ban taɓa zaton zan yi fushi da ƙofa ba sai da na zo Dutse aiki.

Ba a daɗe da kafa shari'a a Jigawa ba aka gama ginin wani reshen jami'a a bayan gari, can gindin duwatsu. Ginin ofisoshin shi ne abin kallo. Wani kamfani ya zo daga Legas ya ɗaure komai a jikin kwamfuta ɗaya: ƙofofi, fitilu, iyakwandishan, kyamarori, jiniya, har da babban get. Ƙofa ba ta buɗuwa sai ka goga mata kati. Ka fita daga ofis, fitila ta mutu da kanta. Da suka gama suka kwashe komatsansu, suka bar ni da abin, ni Adawiyya, sabuwar injiniya, a kan gwaji na wata uku. In abu ya tafi daidai a tabbatar min da aiki. In bai tafi ba in koma Ringim, inda Kawu Jaji yake jira na da maganarsa ta kullum, wai hawa tsani da jan waya ba aikin 'ya mace ba ne, balle yanzu da aka gyara gari.

To, abu bai tafi daidai ba. Kullum da safe, daidai lokacin da ma'aikata suke shigowa, sai jiniya ta ɓarke. An saita babbar ƙofa ne cewa in ta wuce rabin minti a buɗe, to ɓarayi ne suka ɓalle ta. Kuma da yake komai a haɗe yake, jiniyar ba ita kaɗai take haukan ba. Get ya kulle kansa, fitilu su kama da rana tsaka, iyakwandishan ta ɗauke, ƙofofin gefe su datse. A waje kuwa motocin da suka ɗauko ma'aikata daga Kafin Hausa da 'yan acaɓa su yi cirko-cirko suna ta hon. Mutum ɗaya ce take jin daɗin abin, Iya Fatsuma mai ƙosai a bakin get, don duk wanda aka tsare a waje sai ya saya. Har addu'a take yi min, wai Allah ya ƙara wa injina lafiya.

Babu abin da ban zarga ba. Na zargi wutar lantarki, na zargi janareto, na zargi ƙadangarun da suke kwana a akwatin wayoyi. Na canza wayar ƙofar sukutum. Washegari jiniya ta yi kukanta kamar ma na ƙara mata ƙarfi.

Shugaban reshen ya sa aka kira ni. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda in ya yi maka faɗa sai ka fita waje kake gane faɗa ne.

"Injiniya," in ji shi, "saura sati uku gwajinki ya cika. Ni kuma an nuna min wani kwaɗo a kasuwa, babba, mai kyau. Ba ya kuka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za a gyara."

A ranar na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun farko: kyamarar bakin ƙofar, 'yan Legas motoci suka sa ta kallo, ba ƙofar ba. Na ɗaure hijabina a ƙugu, na hau tsani na juyo da ita, masinjoji suna ta leƙe kamar an kawo wasan kura.

Da safe na zauna gaban allon kwamfuta na zuba ido. Sai ga Farfesa Zailani, mai koyar da ilimin noma, ya fito daga tsohuwar fijo ɗinsa. Ya goga kati, ƙofa ta buɗe. Kafin ya sa ƙafa sai ga Baba Barau, shugaban masu gadi, dogon Bafulatani tsohon soja, ya ɓullo daga gefe. Farfesa ya zame takalmi ya durƙusa, hannu ɗaya riƙe da ƙofa. Baba Barau shi ma ya durƙusa, ya kawar da kai gefe. Kyamarar ba ta ɗaukar magana, amma ina ganin bakinsu yana motsi. Farfesa ya nuna ƙofa, Baba Barau ya girgiza kai ya nuna ƙofa. Aka sake sabon lale. Jiniya ta ɓarke, suka zabura tare, Baba Barau ya ruga get, Farfesa ya shige ciki yana tsaki. Daga baya har na ji shi a baranda yana cewa aikin 'yan Legas duk haka yake.

Haushi ya kusa kashe ni. Wata biyu ina zagin ƙadangaru!

Na je wajen Iya Fatsuma, don babu labarin da ba ya bi ta gaban kaskonta.

Ta ce, "Au, ke ba ki sani ba, 'yar nan? Ai surukinsa ne. 'Yar farin Barau ce a gidan Farfesa. Shi ba zai shiga gaban uban matarsa ba, shi kuma Barau ba zai shiga gaban ubangidansa ba. Ga kunya irin ta Fulani a kai. Da can da babu ƙofar nan taki, kowa zagayewa yake yi."

To ni wace ce da zan tari dattawa biyu in ce su rage gaisuwa? Sai na koma wajen abin da na iya. Na ƙara wa ƙofa haƙuri zuwa minti biyu. Washegari gaisuwa ta kai minti biyu, jiniya ta yi kuka. Na kai shi ƙarshen abin da injin zai yarda. Suka cinye shi tas, har Farfesa ya canza hannun riƙe ƙofa. Ashe duk kwanakin nan jiniyar ce take raba su. Ba don ita ba, ina jin da har azahar suna nan a durƙushe.

Sai dabara ta faɗo min, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina ƙwarai. Tunda komai a haɗe yake, na saita cewa da zarar Farfesa ya goga katinsa a get, wata 'yar ƙararrawa ta buga a ɗakin masu gadi, ta nuna cewa a duba ƙofar sito da ke can bayan gini. Sito kuwa Baba Barau ba ya yarda kowa ya duba sai shi. Kafin ya je ya dawo, Farfesa ya shige ofis.

Shiru kake ji. Sati guda cur babu jiniya. Shugaba ya gamu da ni a matakala ya ce, "Injiniya, na fasa sayen kwaɗon." Iya Fatsuma ta daina amsa gaisuwata da fara'a. Ni kuwa har tafiyata ta canza, na fara shirya abin da zan faɗa wa Kawu Jaji ranar sallah.

Ranar Laraba bayan la'asar na ji sallama a ƙofar ɗakina. Baba Barau ne. Na tashi na ba shi kujera, ya ƙi, ya tsuguna a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"Injiniya, ƙararrawar sito kullum tana kira na, kullum in je ba komai."

Na fara kame-kame, wai ƙila waya ce.

Ya yi murmushi. "'Yata, na yi soja. Na san in an janye mutum daga bakin aiki. Ba ƙara na kawo ba, kin yi dabara, Allah ya yi albarka." Sannan ya ce, "Akwai wata yarinya a gidan mutumin nan, a unguwar Yalwawa."

Bai faɗi sunanta ba, bai ce 'yarsa ba. Na gane.

"Uwarta ta rasu. Ni ba na zuwa gidan, ba a yi. Ba na tambaya, ba a yi. Yanzu kuma an ce ta yi nauyi, watanta ya kama, kuma sau biyu a baya abin bai zo da rai ba." Ya gyara tsugunno. "In na ce masa ya gida, ya ce lafiya, sai in sake cewa ya gida. Daga yadda ya faɗi lafiyar nake gane yadda aka kwana. To, kwana bakwai ke nan ban ji ba."

Ya miƙe, ya yi min sai da safe, ya tafi abinsa.

Na ji kunya, na ji tausayi, kuma na ji haushin kaina fiye da yadda na taɓa jin haushin ƙofar. Kafin in tashi na cire ƙararrawar sito. Na san abin da hakan yake nufi: gobe jiniya za ta dawo, ga gwajina saura kwana kaɗan.

Hanya ɗaya ta rage, wadda nake gudu tun farko. Ana iya kashe jiniyar babbar ƙofa na wani lokaci, amma sai da izinin Shugaba, kuma neman izinin kamar in ce na kasa ne. Da sassafe na isa ofishinsa, na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi aiki, na tambayi gajiya. Sannan na faɗa masa abin da ke tayar da jiniya da yadda na yi na rufe bakinta. Maganar Yalwawa kam na bar ta a cikina. Na roƙi a bar ƙofar ta huta da safe har ma'aikata su gama shiga, kyamara da mai gadi su tsare ta.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wato in rage tsaron gini saboda gaisuwa? Kin fa samu maganin abin, ke da kanki kika zubar. Kin san saura kwana nawa?"

Nan halin nawa ya motsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar nan an saita ta ne da mutanen da ba sa tsayawa gaisawa. Ni yanzu da na shigo, sai da na fi minti biyu a ƙasa ina gaishe ka. Da na shigo tsaye na fara magana, da ba ka jira ƙarshen wata ba, yau za ka kore ni."

Na rufe baki, amma magana ta riga ta fita. A raina na ce shi ke nan, Ringim ga 'yarki nan.

Ya juya tabarau a hannunsa. Can sai kafaɗarsa ta fara rawa, ya tuntsire da dariya har da buga tebur.

"Zailani ne fa yake zagin 'yan Legas a taro!" in ji shi. "Je ki yi. Amma ko tsintsiya ta ɓace da safe, ke zan tambaya."

Ko tsintsiya ba ta ɓace ba. Ranar Litinin aka tabbatar min da aiki, na aika wa Kawu Jaji saƙo ta hannun direban Ringim, a cikin ladabi iya yadda zan iya.

Gaisuwa ta koma yadda take, sai dai yanzu babu mai raba su sai gajiyar gwiwa. Na kan kalle su a allo ina shan shayi. Ranar wata Alhamis Farfesa ya iso a makare, hula a karkace, ya faka fijo a inda ba a fakawa. Ya durƙusa bai ko goga kati ba, ya yi wata magana mai tsawo, kansa a ƙasa. Baba Barau ya juya fuskarsa gaba ɗaya ga bango. Farfesa ya jira, ya jira, sannan ya tashi ya shige. Baba Barau ya daɗe a tsugune yana kallon bangon. Na ajiye kofin.

Ban iya yin aikin komai ba har hantsi, sai na ji sallamarsa. Ya ajiye min goro fari manya guda biyu a gefen kwamfuta. A aljihunsa akwai wasu, da alama rabo yake yi.

Na ce, "Baba, na mene ne?"

"Ba na komai ba ne." Yana kallon silin. "An ce wai an yi baƙuwa a wani gida a Yalwawa, ita da uwar duk lafiya. Ni ban ma san su ba."

Ya sa bakin rawaninsa ya goge ido, ya ce iyakwandishan ɗin ɗakina ta cika sanyi, in rage ta.