Fambel ɗin Ƙaramar A-Kori-Kura

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wasiƙu suka dami Onuora, Ibon nan mai shagon kayan gyaran mota a bakin tashar Daura. Kowace ta zo daga gida maganarta ɗaya: ya tattaro ya dawo. Babu wanda ya ce masa ko kanzil a gari, amma matarsa ta riga ta ɗaure kaya, an sa ranar Asabar.

Mainasara bakanike kuwa abin ya tsaya masa a rai. Shekara ashirin suna zaman mutunci! Amma kunya ta hana shi buɗe baki ya ce wa ƙato kada ya tafi. Sai ya tara gwangwanayen madara ya shiga ƙera 'yar mota, tsawon tafin hannu, irin a-kori-kurar da ta kawo Onuora garin. A hanyar Sandamu fambel ɗinta ya tsinke a wancan lokaci, Mainasara ya zare tazugensa ya ɗaura a madadinsa, suka shigo Daura yana riƙe da wando.

Komai ya fito ras, har lagireto da farfela. Fambel kaɗai ya gagara. Ya yanko robar tayar keke, ta yi kauri kamar igiyar guga. Ya gwada kyauron roba, rana ta narkar da shi.

Shatu matarsa, 'yar dukawa ce, tana kallonsa tana ƙunshe dariya.

"Malam, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ba ni nan."

Ta samo ƙyallen fatar akuya, ta yi ta fere shi da aska har ana ganin haske ta cikinsa. Ta yanko siriri, ta rina da kuloko, baƙin rinin dukawa, ta haɗa bakin biyu da ɗinkin da ido ba ya kamawa. Mainasara ya zauna da reza ya tsattsaga masa haƙora, ɗaya bayan ɗaya. Da ya murza farfela, bel ya juya sumul. Har da kabbara ya yi.

Ran Asabar da hantsi ya iske Onuora yana rufe shago. Ya miƙa masa 'yar motar.

"Ga tsaraba, Oga. Ka riƙa tunawa da mu."

Onuora ya ɗaga bonet da farce, ya leƙa ciki. Can sai hannu ya yi abin da ya saba: ya danna bel ɗin don jin ɗaurinsa. Ya matso da ita kusa da ido.

"Kai, Mainasara! Haƙora? Fambel ɗin wannan mota ba shi da haƙora, sulɓi ne. Shekara ashirin kana saye a wurina, ashe ban koya maka komai ba?"

Mainasara ya sake duban bel ɗin. Wallahi gaskiya ne, garin neman gwaninta ya tafka kuskure.

"To ai ni tazuge na sani," ya ce.

Onuora ya fashe da dariya har hawaye suka zubo, kuma da dariyar ta tsaya hawayen ba su tsaya ba. Ya share da bayan hannu.

"In na tafi, wa zai riƙa duba maka lambar kayan gyara? Motocin Daura duk sai ka kashe su."

"Shi ya sa," in ji Mainasara. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Daga tasha kwandasta na ƙwala kiran fasinja. Onuora ya mayar masa da motar, ya ɗora makullin shago a bayanta, inda ake loda kaya.

"Ba na karɓar aikin da bai kammala ba. Zan kai iyali gida su ga dangi. Sati uku. In dawo in tarar da sulɓi."

Mainasara ya nufi gida da sauri, tun daga zaure yana kira: "Shatu! Da sauran fatar nan?"