Ganye na Bakwai

"Barci take yi," in ji Ramla, ta tokare ƙofa da ƙafarta mai ciwo. Karo na uku ke nan da ta kori Safina, yarinyar jami'ar nan mai zuwa daga Kege a kan zemijan, babur ɗin haya, littafi a hammata.

Ramla ba ta yarda da ita ba ko kaɗan. Wai so suke su gwada maganin gyambon Inna Asiyatu, su mai da shi man shafawa mai araha don talakawa. Araha! Yaushe ɗan boko ya fara durƙusa wa tsohuwa a banza? Gobe sai a ga ganyen Zongo cikin kwalba a kantunan kasuwar Adawlato, da rubutun Faransanci, ko sunan mai shi babu.

Bango ɗaya ya raba ɗakinta da na Inna. Shekara biyu tsohuwar ke wanke mata gyambon ƙauri, ta barbaɗa garin da take dakawa ƙofa a rufe. Ganye bakwai ne. Shida Inna ta faɗa wa Safina, ta riƙe na bakwai yadda masu magani ke yi, sai ta ga hankalin mutum tukuna.

Ranar Laraba da hantsi jikin Inna ya tsananta. Ta kau da kai daga cokalin koko, ta tambaya ko yarinyar ta zo. Ramla ta ce ba ta gan ta ba.

"Ta gaji da ni ke nan," in ji Inna. "Da na ba ta cikon."

 Ramla ta roƙa a faɗa mata ita, amma tari ya sarƙe tsohuwar. Takardar lambar wayar da Safina ta bari kuwa tuni Ramla ta hura gawayi da ita. Kafin azahar Inna ta cika.

Bayan sadakar uku Safina ta zo gaisuwa, idanu jawur, babu littafi. Kunya ta kama Ramla. Ta ɗauko gwangwanin madarar da Inna ke zuba magani, garin da ya rage bai wuce cokali biyu ba, shi ne maganinta na ƙarshe.

"Injinku zai gane na bakwan?"

"Wataƙila, Yaya. Amma zai cinye garin duka."

Ramla ta dubi tsumman ƙaurinta, ta kore ƙuda. Ta daɗe tana kallon fuskar yarinyar, sannan ta tura mata gwangwanin a hankali bisa tabarma.