Ragon Alhaji da Tukunyar Gumi

Ƙaddara? To sannu malam. Kai Kamalu, yaushe ka yi gemun da za ka zo har zaurena ka yi mini wa'azin ƙaddara? Ajiye takardar nan a kan tabarma, hannunka zai gaji. Tawadar ma rufe ta kar ta bushe.

Na ji, na ji. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, kowa a layin nan ya dangwala, saura ni Baturiya, tsohuwar da ta hana Tudun Wada ci gaba. Za ka sake tayar da injin gumin shinkafar babanka, matasa su samu aiki. Madalla. To su masu dangwalawar, da katangar wa tukunyar za ta jingina? Da tawa. Bayan ɗakin da jikata Husna take da 'ya'yanta biyu.

Ka ce kana makarantar kwana lokacin, ba ka san yadda aka yi ba. Gyara zama, yau kyauta zan karantar da kai.

Tukunyar nan ta ƙarfe ce, ta fi rumbu girma, tana da wani ɗan bututu a ka. In wuta ta yi yawa sai ya yi fito, fiiii, Ubale mai hura wuta ya janye itace. Shekara shida ana haka, ko kaza ba ta ƙone ba. Sai babanka, Allah ya jiƙansa, ya sayo ragon layya daga Doguwa, wani fari mai ƙaho kamar na sa. Ya ɗaure shi a gindin injin don ya ci dusa a kusa. Bututu na fito, rago na zabura ya bar dusa. Kwana uku Alhaji yana tattaɓa ƙugun rago yana salati, wai ya rame.

Kai da ka yi boko, me za ka yi? A matsar da rago ko? To ba a matsar ba. Cewa aka yi Ubale ya fiƙe itace ya toshe bakin bututun, zuwa bayan Sallah. Ina tsaye da tsintsiya a hannu aka faɗa, ba labari aka ba ni ba. Ubale ya ce, "Alhaji, anya?" Alhaji ya ce, "Injinka ne ko nawa?"

Ranar Talata da hantsi tukunyar ta tashi. Har Tiga an ce an ji ƙarar. Mutum bakwai, Kamalu. Ubale sai hularsa aka samu a kan bishiyar darbejiya. Saudatu 'yata tana shanyar shinkafa a fili, da zanen jikinta na gane ta. 'Yarta Husna tana wata takwas, da kunu na raine ta.

Ragon? Ai ka kyauta da ka tambaya. Igiyarsa ce ta tsinke, aka kamo shi a bayan tasha yana cin ɓawon rake, ko ƙwarzane babu. Ya kai Sallah lafiya lau, ya yi kitse. Ina cikin karɓar gaisuwa aka aiko mini da kasona a kwanon sha, har da hanta. Gidanku akwai zumunci, wannan ba na musu.

Kar ka ɗaga mini murya, na ga ranar sunanka. Tukunyar taka sabuwa ce, eh, daga waje aka kawo ta, tana da agogo, tana da injiniya. Waccan ma da bakinta, ɗan nan, har ta yi magana. Kuma injiniyan naka, in ka ce masa injinka ne ko nawa, me zai ce?

A'a, bar rantsuwar, kar ka ɗauki zunubi a zaurena. Tunda ka ce ko jariri aka kwantar a jikin katangar nan ba abin da zai same shi, ai magana ta ƙare, na yarda. Je ka ɗauko Hajiya babarka da gadonta da akwatunanta, ta tare a ɗakin Husna. Mu kuma mu koma nata na bakin titi, mai fanka. Ranar da ka kunna wuta tana ciki, kawo tawadar, yatsu goma zan dangwala maka.