Abin da Aka Ci Cikin Gumi

Ranar da aka auna masu hawan turken wuta, maigidan ya shigo gida ko takalmi bai cire ba. Ya zauna a falo da rigar aiki, hular kwano a cinya, sai da matarsa ta tambaye shi sau biyu kafin ya buɗe baki. Ashe kamfani zai canza igiyar da suke ɗaurawa a ƙugu idan za su hau, sabuwar kuma tana da iyakar nauyin da take riƙewa. Jami'in kula da lafiyar ma'aikata ya jera su a sito, ya riƙa ɗora su kan sikelin da ake auna waya. Kowa ya tsallake sai shi, da kilo takwas ya ɗara iyakar. An ce ya ci gaba da hawa da tsohuwar igiya zuwa awo na gaba. In nauyin bai sauka ba, shi zai sauka: a mayar da shi sito yana miƙa wa mutane filaya da kusoshi, shugabancin ayarinsa kuma a ba wani wanda shi ya koya wa ɗaurin igiya.

Tun yana saurayi abokan aiki ke kiransa Ƙadangare saboda saurin hawansa. A ranar, in ji shi, wani daga bayan layi ya ce ƙadangarensu ya girma ya zama kada, har jami'in sai da ya juya baya yana tarin ƙarya.

Matar ba mai yawan magana ba ce, amma in ta riƙe abu sai ta ga bayansa. Washegari ta je asibitin unguwa ta tare wata nas. Nas ɗin ta yi mata bayanin kalori a sauƙaƙe: akwai wanda ke shiga da abinci, akwai wanda jiki ke ƙonawa, kuma nauyi ba ya sauka sai mai fita ya ɗan fi mai shiga. A rage kaɗan a faranti, a ƙara kaɗan a motsi, kada a matsa wa ko ɗaya. Matar ta riƙe farkon maganar gam, ƙarshenta kuwa a bakin ƙofar asibiti ta bar shi.

Ta ɗauke babban farantinsa ta kai saman kabad. Ta koma zuba man girki da cokali, gwangwanin madara da sukari suka ɓace daga tebur, kabeji ya cinye rabin wurin shinkafa. Shi kuma ya sayi takalmin roba, kullum da sassafe ya fita tafiya kafin aiki, ya dawo sharkaf da gumi. Da farko abin ya yi kyau, sikelin da ta saya ta ajiye a banɗaki ya nuna kilo biyu sun tafi. Murna ta sa ta ƙara yanke abincin, a ganinta in kaɗan ya yi haka, to da yawa zai fi.

Daga nan allurar sikelin ta tsaya cak, bayan ɗan lokaci ma ta fara komawa inda ta fito.

Ta cire biredin safe, ta mayar da ƙwai biyu ɗaya. Abincin da yake tafiya da shi wurin aiki ya koma abin da ko ɗan makaranta zai raina. Gidan ya ɗau zafi. In ta ajiye faranti sai ya leƙa ciki ya tambaya ko abincin yana hanya ne. Ta ce ya tambayi cikinsa, da ya riga shi shiga ɗaki. Ya ce a kurkuku ma ana ƙoshi. Ta ce a kurkuku ba a hawa turke. Yara suka koyi ɗaukar nasu su wuce ɗaki.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, mutumin da ke kukan yunwa da rana da yamma, da safe in ya dawo daga tafiya sai ya ture ƙwan nan ɗaya ya ce ba ya jin ci. Wata rana tana wanki ta ɗaga rigar tafiyarsa, sai ta ji ƙaurin man suya a ƙarƙashin warin gumi, ga kuma ɗigon maiƙo a ƙirji. Ta tsoma rigar cikin ruwan wanki. Da gari ya waye ta bari ya sha kwana, ta bi shi daga nesa.

Tafiyar dai yana yin ta da gaske, har da wurga hannuwa. Ya bi gefen filin ƙwallo, ya tsallaka gada, ya gangara layin masu gyaran babur. Tun daga nan ta gane inda aka dosa, domin a ƙarshen layin yayarsa ke da shagon shayi da suya. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, har yau da furfurarsa Auta take ce masa.

Matar ta same shi a tsaye a bakin kantar shagon. Gabansa dankali ne soyayye tuli guda da ƙwai a kai, ga rabin biredi an shafe da bota, ga kofin shayi fari tas da madara. An kashe fankar shagon duk da zafin kasko, yayar kuma tana tsaye a kansa tana cewa ya yi sauri kafin gumin ya bushe.

"Yaya, ina kwana," in ji matar.

Maigidan ya tsaya da loma a hannu. Yayar ko gezau, ta goge hannu a tsumma ta dube ta sama da ƙasa.

"Yau likita ce da kanta a shagonmu? Auta, miƙo mata kujera. Ko ita ma kujerar tana sa ƙiba?"

Matar ta ce ba zama ta zo yi ba, ta zo ne ta ga inda wahalarta ke ƙarewa. Yayar ta ce babu abin ɓoyo a nan, kuma babu abin da ya ɓaci, domin abin da aka ci cikin gumi ba ya zama a jiki, wutar jiki ce ke lashe shi nan take. Haka suka tashi suka gani a gidansu. Ubansu ɗan dako ne a tashar kaya, cin mutum uku yake yi, a tsaye, gumi na ɗiga a kwano, kuma har ya koma ga Allah ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Shi ya sa ba ta barin Auta ya zauna, ba ta kunna masa fanka.

"Baba buhu yake ɗauka daga safe har faɗuwar rana," in ji matar. "Wannan fa? Ya zaga filin ƙwallo. Duk tafiyar nan tasa ba ta ƙona rabin farantin nan ba, Yaya. Ni ina can ina auna mai da cokali, ke kina nan kina yi masa wanka da shi."

"Ke dai faɗi gaskiya, rowa ce ta samu takardar asibiti."

Wani mai gyaran babur da ke shan shayi a benci ya ɗauki kofinsa ya koma waje. Maigidan ya ce su rufa masa asiri, mutane na ji. Babu wadda ta kula shi. Matar ta ce in aka sauke shi daga turke, yayar ta shirya ba shi aikin fere dankali. Yayar ta ce gara fere dankali da a kawo mata shi a kwance, sannan ta juya ga ƙanen nata.

"Ba ka gaya mata ba ke nan? To ni bari in gaya mata. Ranar da ya fara zuwa nan, kofi ma bai iya riƙewa ba don karkarwa. Jiri ne ya ɗebe shi a can saman turke, ya rungume turken kamar jariri har abin ya sake shi. Da ƙwai ɗaya kike tura min ƙane sama?"

Matar ta juya. Ta dubi mijin, shi kuma ya dubi farantin.

"Da na faɗa miki, cewa za ki yi wayon neman ƙari ne," in ji shi.

Ta san haka ɗin za ta ce, wannan ya ƙara ba ta haushi. Gargaɗin nas na kada a matsa ya dawo mata, amma ba a gaban wannan matar za ta amsa laifi ba. Ta ce masa ya ƙarasa cin abincinsa kafin gumin ya bushe, ta juya ta tafi.

Daga ranar ta ƙara masa abinci ba tare da ta ce ta ƙara ba: wake, kifi, biredi yanka biyu da safe. Shi ma ya ce ya canza hanya, ko da yake wani lokacin rigar takan dawo da ƙaurin da ta sani. Allurar ta fara motsi a hankali, sai dai lokaci ya riga ya ƙure. Ana gobe awo ya koma ga ilimin gidansu: ya naɗe cikinsa da leda a ƙarƙashin riga, ya ƙi shan ruwa, ya yi ta zaga tsakar gida a rana wai yana narkar da kitse. Ta ce masa ruwa kawai yake zubarwa. Ya ce ta ji da kabejinta.

Sikelin sito bai saurari kowa ba. Saura kilo uku. Jami'in ya karɓi tsohuwar igiyar a gaban kowa, ya ce sai wani awon, in an yi. Wanda aka ba ayarin ya zo ya gaishe shi har da rusunawa, sannan ya roƙe shi filaya.

Da yamma yayar ta iso gidan da kular abinci a hannu, wai ta zo jaje. Matar ta tare bakin ƙofa ta ce a nan gidan tukunya ɗaya ce. Yayar ta ce tukunyar da ta kusa yin kisa. Suna cikin haka muryar maigidan ta fito daga falo, a dishe.

"Ku biyun nan ku kuka sauko da ni."

Nan fa suka juya kansa a tare. Yayar ta ce ita ba ta taɓa aika masa mota ba, da ƙafarsa yake zuwa. Matar ta tambaye shi wa ya tauna, wa kuma ya ɓoye jirin. Ya tashi ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Yayar ta dire kular a kan dakali ta ce ai ba matar ta kawo wa ba, ta kama hanya ko sallama babu. Matar ta tsaya tana kallonta har ta sha kwana. Sannan ta koma kicin ta ɗora tukunyar abincin da zai tafi da shi sito gobe, tana tunanin yadda za ta gaya masa cewa mai wuni a zaune ba zai ci ko abin da mai hawa yake ci ba.